Duhun gilashi daban, tare zafi daban

Ka ce, "Maigida, me ya sa motar da gilashinta garau yake ta fi wadda muka manna wa baƙar leda sanyi?" To, saurara, ɗana.

Kusan rabin zafin rana yana zuwa ne cikin hasken da ido ba ya gani. Baƙar leda mai arha rini ce kawai. Duhu take kawowa, amma yawancin zafin nan ratsa ta yake yi. Bayan bazara ɗaya ko biyu a ranar Kano sai ta koɗe, ta yi shunayya, ta kumbura.

Gilashin tare zafi na kamfani iri biyu za ka fi gani. Akwai wanda aka zuba wa sinadarin ƙarfe tun wajen narka shi. Duba bakinsa, kore-kore ne. Shi shanye zafi yake yi, in mota na tafiya iska ta kwashe. Ɗayan ya fi shi aiki: gilashin gaba ai falle biyu ne da roba mai kaurin milimita 0.76 a tsakani, to a ciki ake shafa azurfa siririya da ke mayar da zafin waje. Tsaya daga gefe cikin rana, za ka ga yana ƙyalli shuɗi-shuɗi. Yana raunana GPS, shi ya sa ake barin wani gurbi ba shafi, galibi kusa da madubin cikin mota.

Don haka in na aike ka Ƙofar Ruwa neman canji, karanta tambarin da ke kusurwar tsohon. Ka sa wa mutum gilashi gama-gari, zai dawo yana cewa esi ya mutu, alhali gilashin ne. A tambarin, mai alamar AS1 na gaba ne, yana barin haske aƙalla kashi 70 cikin 100 ya wuce. AS3 mai duhu, na baya ne kaɗai.

In leda mai mota ke so, ba shi shawarar ta siramik, wadda ke tare zafi ko ba ta da duhu. In za ka manna, rufe shago saboda ƙura, ƙwaya ɗaya ta shiga ƙarƙashi sai ta fito kamar ƙurji. Fesa ruwa mai ɗigon shamfu, manna, ka matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe. Kada reza ta taɓa layukan hita na gilashin baya, tsinkewa suke yi. Gaya masa kada ya sauke gilashi sai bayan kwana uku, kuma in mai duhu ce, ya tanadi takardar izinin 'yan sanda.