Amsa ga mai tambaya kan ƙarin mutane a gidan haya

Assalamu alaikum. Malam, na karanta bayaninka cewa ka biya kuɗin shekara na ciki da falo, daga baya ƙanenka da matarsa suka taso daga Zamfara saboda 'yan bindiga suka sauka a wurinka, yanzu kuma mai gida ya ce ko ka ƙara kuɗi ko ka kwashe kayanka cikin mako biyu. Allah ya kawo musu sauƙi. Shekara 14 ke nan ina kula da gidan haya mai ɗaki tara da mahaifinmu ya bar mana a Kano, kuma irin wannan rigima ta sha zuwa gabana.

Ka fara ɗauko takardar yarjejeniyarku ka karanta ta a tsanake. Idan an rubuta adadin waɗanda za su zauna, ko an ce ba za a ƙara kowa ba sai da izinin mai gida, to kai ne ka saɓa, domin hadisi ya tabbatar da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan kuwa babu wannan sharaɗi, ko rasit kawai dillali ya ba ka, mai gida ba shi da hurumin ƙara kuɗi a tsakiyar shekarar da ya riga ya karɓi kuɗinta. Sai dai ya jira lokacin sabuntawa ya faɗi sabon farashi. Wa'adin mako biyun nan ma ba ya tsayawa a kotu. Bisa dokokin karɓar gida daga ɗan haya, mai biyan shekara-shekara ana ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, sai dai in yarjejeniya ta tsara wani abu daban, sannan a biyo da na kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa, ɗaye kwano ko yanke wuta don a takura maka duk ɗaukar doka a hannu ne.

Amma ina roƙonka ka duba ta ɓangarensa. A gidanmu an taɓa yin ɗan hayan da ya shigo shi da matarsa, kafin damina ta fita sun zama mutum bakwai. Masan da muke kwashewa duk shekara biyu ya cika tun shekara ba ta zagayo ba, layin banɗaki da asuba ya kai har bakin rijiya, sauran 'yan haya kuma suka ƙi yarda a ci gaba da raba kuɗin wuta daidai wa daida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a bakin maƙwabta na ji labarin. Da ya zo ya gaya mini tun ranar farko, wallahi da ban tsananta ba.

Yadda muka warware, a gaban mai unguwa, shi ne aka bar kuɗin haya yadda yake har ƙarshen shekara, aka koma raba kuɗin wuta da na kwasar masai bisa yawan kawuna, aka kuma rubuta watan da baƙin za su nemi nasu wurin. Ka nemi irin wannan zaman. Ka tafi da wani dattijo da mai gidan yake jin nauyinsa, ka fara da ba shi haƙuri kan rashin sanar da shi, ka bayyana masa halin da ya koro ƙanenka. Duk abin da kuka daddale a rubuta shi, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, kuma kada ka miƙa ko naira ɗaya ba tare da rasit ba.