Kuɗi kaɗai na shigar da mutum kulob ɗin golf na Augusta National?

Malam, ka tambaya ko kuɗi kaɗai ke shigar da mutum Augusta National, da kuma wanda ya kafa shi. Kuɗi ba sa isa. Ba a neman shiga, sai dai a gayyace ka, kuma mambobin kusan 300 ne.

Asalin wurin gonar renon itatuwa ce a garin Augusta, jihar Jojiya ta Amurka. Shahararren ɗan wasan golf Bobby Jones, bayan ya ajiye wasa a 1930, ya haɗa kai da wani ɗan kasuwa mai suna Clifford Roberts aka sayi gonar, Alister MacKenzie ya tsara filin. An yi bikin buɗewa a Janairun 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, har samun mambobi ya yi wuya. Babbar gasar golf ta Masters da aka fara a filin a 1934 ce ta fitar da su kunya. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma shanu da talo-talo aka kiwata a filin, kan ciyawar nan da yanzu ake lallaɓawa kamar ƙwai.

Abin da ke ba ni haushi: sai 1990 suka karɓi baƙar fata a matsayin mamba, alhali shekara da shekaru baƙaƙe ne ke ɗaukar musu jakar sanduna. Mata kuwa sai 2012 aka karɓi biyu na farko: Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, da Darla Moore, 'yar kasuwa.