Yaya masanin aikin gona ya zama jagoran yaƙi?

Malam, ka tambaya yadda Amilcar Cabral ya ja ragamar yaƙin 'yancin Gini Bisau. Ai noman ne ya buɗe masa ido: ƙidayar gonakin da ya yi wa gwamnatin Fotugal mai mulkin mallakar ƙasar a 1953 ta kai shi lungu da saƙo, ya san manoma da kukansu. Bayan kisan da 'yan mulkin mallaka suka yi wa ma'aikatan tashar jirgin ruwa ta Pijigiti da ke birnin Bisau a 1959, jam'iyyarsa PAIGC ta koma karkara, yaƙi ya ɓarke a Janairun 1963. Duk inda suka ƙwace sai makaranta da kantin musayar shinkafa da kaya.

Ɓarakar daga gida ta fito. Ɗan jam'iyyarsa ne ya harbe shi a Konakiri, babban birnin maƙwabciyarsu Gini, ran 20 ga Janairun 1973, wata takwas kafin shelar 'yanci.