Amsa kan hoton faɗuwar rana a Zanzibar

Ɗan'uwa, ka ce a Paje, wani ƙauyen bakin teku a tsibirin Zanzibar, za ka sauka don ɗaukar faɗuwar rana, to gaskiya Paje gabas take kallo, fitowar rana kawai za ka samu can. Ka nufi Kendwa ko Nungwi a arewa, ko lambun Forodhani da ke bakin teku cikin Stone Town, tsohon garin Zanzibar. Ka isa bakin ruwa tun 5:30 saboda rana a can ba ta jira, wajen 6:30 kafin ka ankara ta nutse. Taɓa sama a sikirin ɗin wayarka ka rage haske, wallahi sai ka ga jan ya fito raɗau, balle kwalekwalen masunta ya gifta. Kuma ka riƙa goge gilashin kyamara, feshin ruwan gishiri na dusashe hoto.