Filasko yana gyara gona kamar wake?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a wajen Kusiri, a arewacin Kamaru. Filasko ya cika mini wata saura, an kuma ce dangin wake ne, in bar shi zai ƙara wa ƙasa ƙarfi. Haka ne? Kuma me ya sa ƙanena da ke Ngaundere ya ce bai taɓa ganinsa a can ba?

Amsa: Malam, dangin wake ne, gaskiya, amma ba ya aikin wake. Ka tumɓuke gyaɗa ko wake, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. A cikinsu wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, su mai da shi taki. Filasko, wanda masana ke kira Senna italica, ba shi da waɗannan ƙulle-ƙulle, haka ma ɗan uwansa tafasa. Abin da zai yi maka bai wuce riƙe rairayi kada iska ta kwashe ba.

Ƙarfinsa yana ƙarƙashin ƙasa. A sama da ƙyar yake kai gwiwa, amma saiwarsa doguwa ce mai kauri, shi ya sa za ka same shi kore shar da rani bayan ciyawa ta bushe, ko ka sare shi ya sake tohowa. Dabbobi kuma ba su cika kula shi ba, don haka inda kiwo ya yi yawa shi ke cin filin. Furensa rawaya ne, ba ruwan zuma a ciki. Manyan ƙudajen nan baƙaƙe masu huda itace su ke kama shi su girgiza har garin furen ya zubo. Kwansonsa faffaɗa ne a lanƙwashe, da ɗan tudu-tudu a tsakiya, ba siriri dogo irin na tafasa ba.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Filasko ɗan jigawa ne da rana, daga Sanagal ta Nijar da Chadi har Sudan, ya ƙetare zuwa ƙasar Larabawa da Indiya. Ruwan sama a Kusiri da Njamena bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, Ngaundere kuwa a kan tudu take, tana samun kusan 1,500. Ko a nan, ba ya son inda ruwan kogin Logon ke kwanciya.

Masu dafa ganyen don wankin ciki su yi hattara, yana murɗa ciki sosai, mai juna biyu kada ta sha. Saurar kuwa, in taki kake nema, zuba mata wake.