Ina son ɗinka kaya daga zanen Vermeer, ta ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a wata makarantar koyon ɗinki, an ce kowaccenmu ta fito da kaya guda na bikin yaye ɗalibai, kuma ta samo su daga wani tsohon zane. Na zaɓi zanen nan na Vermeer, na yarinya mai shuɗin ɗankwali da ɗan kunnen lu'ulu'u. Na sayi yadi shuɗi da rawaya na haɗa riga da siket, amma da na saka sai suka fito kamar kayan 'yan makaranta. Wata ƙawata ta ce in kai a buga mini hoton a jikin yadi in huta. In bi shawararta? In kuma a'a, wane yadi zan saya, wane irin ɗinki zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin zaɓi zane mai kyau, kuma wanda ya fi yi wa mace irinki sauƙi fiye da yadda kike zato.

Shawarar ƙawarki dai ba zan ce ki bi ta ba. Doka ba ta hana ba, domin Vermeer, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ya rasu tun 1675, zanen ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka. Akwai ma manyan masu sana'ar da suka yi hakan, kamar Vivienne Westwood ta Ingila, wadda a 1990 ta buga zanen Boucher, wani mai zane ɗan Faransa, a gaban wata 'yar riga mai matse jiki. Amma ke ɗinkinki aka zo dubawa. In injin buga hoto ne ya yi aikin, me ya rage wa malamanki su gani? Ga shi kuma mata da yawa a wajenmu ba sa saka tufa mai fuskar mutum, ko don sallah, sai kayan su ƙare a akwati bayan yini ɗaya.

Abin da ya mayar da kayanki yunifom shi ne rabon da kika yi wa launukan: rabi shuɗi, rabi rawaya, kuma ina kyautata zaton duka biyun masu ɗaukar ido ne. Zanen ba haka yake ba. Ki buɗe shi a shafin gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague a ƙasar Holan, inda yake rataye. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa santimita 44.5, faɗinsa 39, an zana shi wajajen 1665. Ki ajiye wayar nesa da ke, ki ƙanƙance ido har fuskar ta dushe, sai launuka kawai suka rage. Za ki ga duhu ne ya cinye mafi yawan filin. Bayansa sai rigar da ke kafaɗarta, wadda ba rawaya ce sosai ba, ruwan ƙasa ce mai ɗan sirkin ɗorawa. Shuɗin da kowa ke tunawa da shi ɗan yanki ne a kan goshi. Rawayar gaske ba ta wuce ƙyallen da ke saman kai ya zubo ta baya ba. Fari kuwa siririn layi ne a wuya da ɗigo a kunne, sai ɗan ja a leɓe. Shuɗin nan yana da ƙarfi ne saboda kaɗan ne, kuma duhu ya kewaye shi. Da kika ba shi rabin jiki, kika ajiye rawaya kusa da shi ita ma rabi, sai suka shiga kokawa, babu wanda ya yi nasara.

Don haka yadin da za ki fi saya da yawa shi ne mai duhun, yadi 4 zuwa 5 in doguwar riga ce. A nan kuma kina da zaɓin da mutane da yawa ba su san da shi ba. A 2018 masanan gidan tarihin sun yi wa zanen binciken ƙwaƙwaf da na'urori, suka fitar da sakamakon a 2020. Sun gano cewa bayan yarinyar ba baƙi Vermeer ya yi shi ba: labule ne kore mai duhu, wanda ya haɗa daga shunin baba da rawayar wani tsiro, shekaru ne suka cinye launin har ya koma kamar baƙi. Ni kore mai duhu zan ba ki shawara, irin wanda sai an matso ake gane ba baƙi ba ne. Yana karɓar shuɗi da ɗorawa fiye da baƙi wuluk, kuma in aka tambaye ki dalili a gaban alƙalai kina da amsa daga cikin tarihin zanen. Ki nemi yadin da ba ya ƙyalli. Aikinsa shi ne ya ja baya, ya bar wa kai da fuska fili.

Kuɗinki kuwa a kan shuɗin za ki kashe shi. Vermeer ma haka ya yi. Shuɗin ɗankwalin daga wani dutse aka niƙo shi, lapis lazuli, da ake haƙowa a duwatsun Badakshan na Afganistan, kuma a zamaninsa yana cikin launuka mafi tsada da mai zane zai iya saya. Ki zuƙo hoton ki duba: ba shuɗi ɗaya ba ne. Inda haske ya sauka ya yi fari-fari kamar ruwan bula, inda ƙyallen ya lanƙwasa ya yi duhu sosai. Atamfa mai fulawoyi ba za ta ba ki wannan ba, don adonta a buge yake, ba ya sauyawa da haske. Abin da kike nema yadi ne marar ado, mai ɗan sheƙi, wanda in an naɗe shi yake yin tudu da kwari: siliki mai kauri, ko shadda mai laushi wadda adon saƙarta bai fito ƙarara ba. In kina son rinin hannu, marina irin na Ƙofar Mata a Kano za su iya yi miki, amma ki san halin baba: yawan tsomawa da shan iska ne ke ƙara masa duhu, har ya kai kusan baƙi. Ki ce a tsaya tun yana shuɗi mai haske, ki kai musu samfuri a hannu. Ki kuma wanke shi sau da yawa kafin ki yanka, domin rinin baba yana zuba, kuma farin wuya ne zai fara kwashewa.

Kada ki sayi ko ɗaya daga cikin yadin nan ta hoton waya. Kowace waya da irin shuɗin da take nunawa. Gani ya kori ji: ki shiga kasuwa da kanki, ki roƙi mai shago ki fito da yadin bakin ƙofa, ki duƙunƙune shi a hannu ki ga yadda yake karya haske.

Akwai wani abu da ba za ki same shi a darussan intanet da Turawa ke yi ba, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci gare ki. A cikin zanen, wuri mafi haske shi ne fuskar yarinyar, farar fata ce tana tsakiyar duhu. In wadda za ta saka kayanki baƙa ce ko wankan tarwaɗa, lissafin ya canza gaba ɗaya. Ruwan ƙasan rigar zai zo kusa da launin fatarta, in suka haɗu kai tsaye sai su narke da juna, fuskar ta ɓace. Maganin yana cikin zanen: farin layin nan na wuya. Vermeer ya yi shi siriri domin fuskar ta riga ta wadatar da shi da haske. Ke ki ɗan faɗaɗa shi, kamar faɗin yatsu biyu, ki tabbatar ya raba tsakanin fata da rigar. Kuma ki matsa da ruwan ƙasan zuwa ɓangaren ɗorawa ko ruwan zuma, gwargwadon fatar mai sakawa. Ki ɗora ƙyallen a kafaɗarta a gaban taga kafin ki yanke shawara. Baƙar fata da shuɗin nan kuwa suna tafiya tare yadda ba ya misaltuwa, ba ki da abin tsoro ta nan.

Sai maganar ɗaurin kai. 'Yan matan Holan na ƙarni na 17 ba haka suke ɗaura kai ba. Zanen ma ba hoton wata sananniya ba ne, irin zanen nazarin fuska ne da masu zanen ƙasar ke yi, su yi wa mutum shigar mutanen wasu ƙasashe, kuma a lokacin shigar Turkawa da mutanen gabas na burge su. Shi ya sa in Baturiya ta kwaikwayi ɗaurin yake zama kayan wasan kwaikwayo. Ke kuwa ɗankwali tufarki ce ta kullum, babu wanda zai ga baƙon abu a kanki. Ki dai guji ɗaurin biki mai tashi sama. Ki kwantar da shuɗin a kan goshi, ya rufe gashi, ya bi siffar kai, sannan rawayar ta fito daga sama ta zubo ta baya har ƙasan kafaɗa. In kin ga dama ki tsawaita ta ta zama siririn mayafi. Ki lura kuma, a bakin ƙyallen rawayar akwai ɗan shuɗi-shuɗi. Siririn layi na shuɗin a ƙarshen mayafin zai ɗaure launukan biyu.

Daga kafaɗa zuwa ƙasa zanen bai ce komai ba, wannan filin naki ne. Amma in kina son ki zauna cikin duniyar Vermeer, ki duba sauran zane-zanensa. A cikin da dama daga ciki akwai wata 'yar riga rawaya mai sheƙi, sakakkiya, mai faɗin hannu, tana sauka zuwa ƙugu, an yi mata baki da farin gashin dabba. Rigar gaske ce, domin an ambace ta cikin lissafin kayan gidansa da aka yi a 1676 bayan rasuwarsa. Siffarta ta dace da mu ƙwarai, ba ta matse jiki. Ki ɗinka doguwar riga miƙaƙƙiya da koren mai duhu, ki ɗora mata irin wannan 'yar riga ta sama da ruwan ƙasa, ki bar gashin dabbar, farin wuyan ya wadatar. Haka rabon launukan zai fito daidai da na zanen: duhu mai yawa, ruwan ƙasa a kafaɗa, shuɗi da rawaya a kai.

Ina son ki nemi hoton rigunan da mai tsara tufafi Yves Saint Laurent ya fitar a Faransa a 1965, waɗanda ya samo daga zanen Mondrian, shi ma mutumin Holan ne: baƙaƙen layuka, da murabba'ai na ja, shuɗi, rawaya da fari. Mai kallo zai ɗauka bugawa aka yi. A'a, kowane launi ƙyalle ne daban aka yanka aka haɗa, kuma duk tsukewar da ke sa riga ta zauna a ƙirji da ƙugu an ɓoye ta cikin ɗinkin layukan, har rigar ta fito shafal kamar allo alhali tana bin jiki. Wannan shi ne aikin tela, kuma irinsa nake so alƙalanki su gani a wajenki: inda ruwan ƙasa ya haɗu da fari, inda hannu ya haɗu da kafaɗa, ɗinkin ya kwanta ba ƙulli ba tattara. Shi wannan Saint Laurent ɗin a 1988 ya kwafi furannin da mai zane Van Gogh ya zana kai tsaye a jikin riguna, amma da aikin hannu na duwatsu da ƙyalƙyali wanda ya ci wajen awa 600 a riga ɗaya. Kwafi kai tsaye in zai yi kyau haka yake da tsada, ke kuma ba ki da wannan lokacin.

Kada ki sa leshi, kada ki sa surfani, kada ki manna duwatsu. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, domin mun saba ganin kayan biki sai da ado, kuma wata za ta ce miki kayan sun yi fayau. Ki daure. Abu ɗaya ne ke ƙyalli a zanen nan, ɗan kunne. Shi ma binciken 2018 ya nuna ba shi da ko ƙugiyar rataya shi, ba a zagaye shi da layi ba, ɗan farin fenti ne a sama da inuwar farin wuyan a ƙasa. Masana da yawa na ganin ya yi girma a ce lu'ulu'u ne na gaske, wataƙila na gilashi ne. To ke ma na kanti ya ishe ki, babba mai siffar ɗigon ruwa, ba sarƙa, ba awarwaro. Jan baki kaɗan, mai ɗan danshi.

Kafin ki sa almakashi a yadi mai tsada, ki yanko ƙyallaye daga kowane launi gwargwadon rabon da muka yi, ki jera su a kan kwali, ki ɗauki hotonsu, ki mayar da hoton baƙi da fari a wayarki, ki ajiye shi kusa da na zanen shi ma baƙi da fari. In shuɗinki da korenki suka fito toka iri ɗaya, koren bai yi duhu sosai ba ko shuɗin ya yi duhu da yawa, sai ki canza ɗaya. Ki sake gwada su da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, tunda a zauren taro za a ga kayan, kuma farin ƙwan lantarki yana sa ruwan ƙasa ya yi fatsi-fatsi. Siket ɗin shuɗi da kika riga kika ɗinka kuwa, in yadin yana da laushi, ki warware shi ki gwada ɗaurin kan da shi kafin ki sayi sabo. Allah ya ba da sa'a.