Wankin Ƙoda: Amsoshin Likita Ga Masu Shirin Farawa Da Waɗanda Suka Riga Suka Fara

Tambaya: Likita, shekarata 54, ina fama da hawan jini. Takardar gwajina ta nuna eGFR 14, amma ina cin abinci, ina fitsari, ina fita aiki. An ce a yi mini aikin fistula a hannu. Me ya kawo gaggawa? Kuma ina jin ana cewa duk wanda ya fara wanki ƙodarsa ta mutu ke nan.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan lambar ta eGFR tana nuna yawan jinin da ƙodarka ke tacewa a minti ɗaya. Daga 15 zuwa 29 mataki na huɗu ne na ciwon ƙoda, ƙasa da 15 kuwa mataki na biyar. Amma ba lamba kaɗai ke sa a fara wanki ba, wato tace jini da na'ura a madadin ƙoda. Wani babban bincike da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan, aka buga sakamakonsa a 2010, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa saurin farawa ba su fi waɗanda aka jinkirta wa tsawon rai ba. Shi ya sa muke duba jikin mutum: tashin zuciya da safe, abinci ya fita kai, ƙaiƙayi, shaƙuwa mai naci, kumburin da maganin fitsari ya kasa saukarwa, haki in an kwanta, ko sinadarin fotasiyam da ke cikin jini ya ƙi sauka. Yawancin mutane suna kaiwa nan ne sa'ad da lambar take tsakanin 5 da 10.

To me ya sa ake maganar fistula tun yanzu? Saboda ba a yin ta yau a yi amfani da ita gobe. Likitan fiɗa zai haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, galibi a wuyan hannu ko gwiwar hannu. Ƙarfin jinin zai sa jijiyar ta yi kauri ta faɗaɗa har ta iya ɗaukar allurai biyu sau uku a mako. Wannan nunar tana cin mako 6 zuwa 12, wani lokaci ma ta ƙi nuna sai an sake gyara. Wanda ya jira har ciwo ya kayar da shi, dole a sa masa tiyo a jijiyar wuya ko ta cinya cikin gaggawa, kuma ta wannan tiyon ƙwayoyin cuta suka fi samun hanyar shiga jini. A ganina, jinkirin fistula shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan matakin.

Daga yau ka ware hannun da ba ka cika aiki da shi ba. Kada a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a jijiyoyin damtsensa da sangalinsa. In ya zama dole, a nemi bayan tafin hannu. Bayan an yi aikin, ba awon hawan jini a hannun, ba agogo mai matsewa, ba kwanciya a kansa. Kullum safe da dare ka ɗora yatsu a wurin, za ka ji yana ɗan kaɗawa a ƙarƙashin fata. Ranar da ka ji shiru, a ranar za ka je asibiti, don jini ne ya daskare a ciki, kuma in an yi sauri ana iya buɗewa. Ka kuma nemi a yi maka rigakafin ciwon hanta nau'in B tun kafin ka fara.

Zancen cewa wanki ke kashe ƙoda kuwa, mutane suna ganin ƙarshen labari ne su ɗauka shi ne farkonsa. Ciwon ne ya cinye ƙodar kafin a kai ga na'ura. Gaskiya ne fitsari yana raguwa a hankali bayan an fara, shi ya sa muke kiyaye ɗan abin da ya rage, don ko kofi biyu na fitsari a rana yana rage maka takura.

Tambaya: Mahaifiyata tana wanki sau uku a mako. Kusan kowane zuwa sai ƙafafunta sun ɗaure, jiri ya ɗebe ta, ta dawo gida a galabaice. Kuma ƙishirwa ba ta barin ta. Na'urar ce ba ta karɓe ta ba?

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya laifin na'ura ne. Ki duba littafin awon nauyinta. Akwai abin da muke kira busasshen nauyi, wato nauyin Mama in babu ruwan da ya taru a jikinta. Duk kilo ɗaya da ta ƙara tsakanin wanki da wanki, lita ɗaya ce ta ruwa. In ta zo da ƙarin kilo 4, dole na'ura ta zare lita 4 cikin awa 4. Na'urar daga cikin jini take zarar ruwan, shi kuma ruwan da ke kwance a ƙafafu da ciki a hankali yake komawa cikin jini. In zara ta fi komawa sauri, sai ƙarfin jini ya faɗi, nama ya murɗe, jiri ya zo. Abin da ake so shi ne kada ƙarin ya wuce kilo 2 zuwa 2 da rabi.

Ƙa'idar ruwan sha da aka saba bayarwa ita ce a auna fitsarin awa 24, a ƙara masa mililita 500 zuwa 750. Lissafin ya haɗa da shayi, da romo, da ƙanƙara, da kankana, da ruwan haɗiyar magani. Sai dai hana mutum ruwa alhali abincinsa cike yake da gishiri azabtarwa ce kawai. Gishiri ne ke kiran ƙishirwa. Kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma da na cikin dunƙulen miya da abincin gwangwani ake lissafi. In tana da ciwon suga, hawan sugan ma yana ƙara ƙishi. A zuba ruwan yini a gora ɗaya mai awo tun da safe, ta riƙa sha da ƙaramin kofi, ta tsotsi gutsuren ƙanƙara ko ta kuskure baki ta zubar.

Abu biyu za ki tambayi likitanta. Shin busasshen nauyin nata bai canja ba? In ta ɗan yi ƙiba ta gaske amma ana nan ana janyo ta zuwa tsohon nauyi, to ana zarar ruwan da babu shi. Sannan maganin hawan jininta, a sha kafin wanki ne ko bayan an gama? Kada ku sauya da kanku.

Tambaya: Tun da maigidana ya fara wanki aka ce kada ya ci wannan, kada ya ci wancan. Yanzu duk ya rame, nama ma na daina sa masa. Me zan ba shi?

Amsa: Hajiya, ki mayar masa da namansa. Kafin a fara wanki ne ake rage abinci mai gina jiki zuwa kamar giram 0.6 zuwa 0.8 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Da an fara, lissafin ya juya, domin wankin kansa yana tafiya da wani kaso: ana so ya samu giram 1 zuwa 1.2. Mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72 a yini, kuma ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, naman kaza ko kifi dafaffe mai girman tafin hannu kuwa kamar 20 zuwa 25. Rama a kan wanki haɗari ce babba.

Abin da za ki sa wa ido shi ne fotasiyam. Daidai a jini shi ne 3.5 zuwa 5.0, in ya kai 6 yana iya rikita bugun zuciya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Yana da yawa a ayaba, dankali, tumatirin gwangwani, ruwan lemo, ruwan kwakwa da busassun 'ya'yan itace. Dankali da ganye kuwa ki yanka ƙanana, ki dafa da ruwa mai yawa, ki tsiyaye ruwan ki zubar, kada ki mayar da shi miya. Ki guji gishirin da ake tallatawa wai na masu hawan jini, domin yawancinsa fotasiyam ne aka sa a madadin gishiri. Sai sinadarin fosfet, mai kawo ƙaiƙayi da raunin ƙashi, wanda ya fi yawa a baƙin lemon kwalba da naman da aka sarrafa a masana'anta. Ƙwayar da aka ba shi ta ɗaure fosfet tare da lomar farko ake shan ta. In an sha awa biyu bayan cin abinci, ba ta tarar da komai ba.

Tambaya: In na ji jikina garau, zan iya tsallake wanki ɗaya?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ƙoda lafiyayya awa 168 take aiki a mako, na'ura kuwa 12. Ko a tsarin sau uku, mutuwar farat ɗaya ta fi aukuwa bayan doguwar tazarar nan ta ƙarshen mako da ake kwana biyu ba a yi wanki ba. In wani dalili ya fi ƙarfinka, ka gaya wa likitanka gaskiya don a tsara maka, ka matse ruwa da fotasiyam sosai. Haki, kasa kwanciya rigingine, ko nauyin ƙafafu da mutuwar jiki, asibiti ne a take.

Tambaya: Aikina ba zai bar ni in riƙa zaman awa huɗu sau uku a mako ba. Na ji ana wanki ta ciki a gida.

Amsa: Ana yi, Malam, in cibiyar da ke duba ka tana da tsarin. Ana sa siririn tiyo mai laushi a ciki kusa da cibiya, a bar shi kamar mako 2 ya warke. Kana zuba ruwan magani kimanin lita 2, ya zauna awa 4 zuwa 6, tantanin da ya lulluɓe hanji ya yi aikin tacewa, sai ka zubar ka sa sabo. Sau huɗu a yini, kowane canji minti 30 zuwa 40, ko kuma na'ura ta yi maka da dare cikin awa 8 zuwa 10. Takurar ruwa da abinci ta fi sauƙi, ragowar fitsari ma ya fi daɗewa.

Sharaɗinsa tsafta. Wanke hannu sosai, rufe hanci da baki, rufe taga da kashe fanka lokacin haɗa tiyo. Duk jakar da ka zubar ka ɗaga ta a haske: ya kamata ka iya karanta rubutu ta cikinta. In ruwan ya yi hazo, ko ciki ya ɗauki ciwo, ko zazzaɓi ya zo, tantanin ya kamu da ƙwayar cuta, ka tafi da jakar asibiti a ranar. Ka guji taurin bayan gida, yana toshe fitar ruwan. Sugan da ke cikin ruwan maganin kuma yana sa ƙiba, yana ɗaga sugan jini. Wanda aka yi wa manyan ayyuka a ciki, wataƙila tsarin ba zai yi masa ba.

Tambaya: Ƙanena ya yarda zai ba ni ƙoda, amma jinina ya yi ƙasa, kuma gaɓoɓina suna ciwo. In karɓi ƙarin jini? Wane maganin ciwo zan sha?

Amsa: Malama, ki sanar da likitan dashen kafin a ƙara miki ko leda ɗaya. Jinin wani yana iya sa jikinki ya ƙera garkuwar da za ta yaƙi ƙodar ƙanen naki, gwajin dacewa ya lalace. In ba rai ake ceto ba, an fi son allurar sinadarin ƙarfe da ta iritirofoyitin, sinadarin da ƙoda ke yi don umartar ɓargo ya samar da jini, a riƙe awon himogulobin, wato awon yawan jini, tsakanin 10 da 11.5. Ba lallai ne sai kin fara wanki za a yi dashen ba, yin sa kafin nan ma ya fi kyau. Don ciwon gaɓoɓi ki sha farasitamol, ki nisanci ibuprofen da diclofenac da duk wani haɗin saiwa ko ganye da ba a san abin da ke cikinsa ba. In kina shan maganin suga na metformin, ba a ci gaba da shi in eGFR ta yi ƙasa da 30, allurar insulin kuma takan daɗe a jiki, sai a duba ko za a rage miki.